Na Hagun Ne Ya Mutu

"Auta, ɗauke kofin nan daga gabana! Mijin nan naki ya sha da shi, ko?"

Auta ta tsaya da tire a hannu tana kallon Gwaggo, yayar babanta, wadda ta yatsine fuska kamar ta taka kashi. Yaya Babba, yayar Auta, na gefenta tana danna waya.

"Gwaggo, ba a ɗauka fa. Likita ya ce garkuwar jikinsa ce ke cinye ƙwayoyin da ke ba fata launi. Akwai irinsu can cikin kunne, shi ya sa jinsa ya ragu, ga jiri..."

"Likita! Da fari dabbare-dabbare ne a hannu da baki, yanzu kurumta. Saura me, makanta?"

Mijin Auta na zaune bakin ƙofa da kayan aiki a jikinsa. Makanike ne da ke gane ciwon inji da kunne kawai. Yau jiri ya kayar da shi a gareji, aka dawo da shi gida tun hantsi. Sau biyu ya gaishe su, ba wadda ta amsa.

"Don Allah ku yi a hankali, ga shi nan..."

Yaya ta tuntsire da dariya. "Wa zai ji? Ke dai tattara ki dawo gida. Ta yaya ma kike iya cin abin da ya taɓa?"

Zuciyar Auta ta tashi, har yawu ya taru mata a baki. Wannan Yayar fa, da motarta ta yi tari shi take kira, ya kwanta ƙarƙashinta cikin rana!

Ya ɗago kai a hankali. "Yaya, na hagun ne ya mutu. Ta dama kuke zaune."

Auta ta dire tiren, ta wangale ƙofa.

"Gwaggo, na gode da ziyara."

"Ni kike kora? A kan wannan?"

"A kan mijina."

Bayan sun fita ta ɗauko ruwa da sabulu, ta durƙusa tana wanke masa baƙin mai. Farin yatsunsa ya fito fes. Ya so janyewa, ta riƙe.

"Masoyiya, faɗa min gaskiya... ba kya jin ƙyama?"

Hawaye ya zubo mata, ta ɗora kuncinta a tafinsa.

"Na ji mana, har amai ya taso min. Amma masu jawo min shi sun tafi."