Kaset Ɗin Tsohuwa Larai

A damina ta shekarar 1987, a bayan wata kotu da ke kusa da Unguwar Kanawa, Dauda mai buga bulo ya ja Ɗanasabe tafinta gefe.

"Tsohuwar nan Larai ba ta jin Hausa, alƙali kuma ba ya jin Gwari. Duk abin da zai shiga kunnensa ta bakinka zai bi. Gonarta ta Hayin Banki nake so."

"Ni kuma fa?"

"Kusurwar da ke bakin titi taka ce."

Suka tafa. Ranar shari'a tsohuwa ta yi bayaninta, tafinta ya yi nasa, aka ba Dauda gona.

Bayan mako biyu, ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci, aka kira Sufeto Sambo Unguwar Dosa. Ya tarar da Malam Nura, malamin wata kwaleji, kife a ɗakinsa, ƙeya a farfashe, jini har bango. Yatsunsa biyu sun karye wajen kare kai. Ga babbar rigarsa a shimfiɗe an goge rabi, ga dutsen guga na gawayi a yashe, gashi da jini sun manne masa. An zazzage garwashin a kasko, an ƙone kaset-kaset a kai.

Matarsa Hansai ce ta gan shi da ta dawo daga gidan suna.

"Baiwar Allah, kaset ɗin mene ne waɗannan?"

"Aikinsa ne, Yallaɓai. Maganar mutane yake ɗauka, ya zo ya zauna yana duba yadda Bagwari ke jera zance da yadda Bahaushe ke jera nasa. Har kotu ya nemi izini ya ɗauko shari'ar wata tsohuwa. Tun da ya saurari wannan ya daina cin abinci, sai dai ya ce an zalunci baiwar Allah."

Sufeto ya bincika a kotu ya gano shari'ar Larai ce, sai ya fara da Dauda, a wurin bulonsa.

"Ka san Malam Nura?"

"Wane ne haka?"

"Mutumin da ya zauna kusa da kai a kotu da rikoda a cinya. Makaho ne kai?"

Dauda ya share gumi. "Na tuna shi. Amma wallahi ina sahun gaba ranar Juma'a, a tambayi liman."

Aka tambaya, haka ne. Ƙaryarsa rabi ce.

Shi kuwa Ɗanasabe, a ofishin kotu aka same shi, hannun dama a naɗe da bandeji.

"Tafinta, me ya ci hannun?"

"Ruwan shayi, Yallaɓai."

"Malam Nura ya ce an zalunci tsohuwa."

Ɗanasabe ya yi dariya. "'Yan boko ke nan. Yare da yare ba ɗaya ba ne. Abin da wannan zai sa a gaba, wancan a baya yake sa shi. Shekara goma sha takwas ina aikin nan. Ina shaidarsa?"

Shaida dai ta zama toka, kuma Ɗanasabe ya sani. Sufeto ya sa hularsa ya fita.

Washegari ya ɗauki Kofur Ila, wanda uwarsa Bagwariya ce, suka nufi gidan Larai. Tun daga ƙofa suka ji muryar alƙali tana tashi daga rediyo mai cin kaset. Tsohuwa na zaune, maƙwabta sun kewaye ta. Ashe haka marigayin yake aiki: duk wanda ya ɗauki muryarsa, sai ya yi masa kwafi ya kai masa har gida, tukuicin bakinsa. Ita kuwa kunnawa take yi tana jin daɗin muryarta, tana kuma mamakin yadda ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan aka ƙwace mata gona.

Kofur ya tsaya cak.

"Yallaɓai, ta ce gonar ubanta ce, aro ta ba Dauda ya zuba yashi. Tafinta kuma ya ce wa alƙali ta ce ta sayar, ta ci kuɗin."

Da Kofur ya mayar mata da abin da aka faɗa da sunanta, tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

A caji ofis Sufeto ya ajiye rediyon gaban Ɗanasabe ya danna. Sannan ya kama hannun ya warware bandejin da ƙarfi, fata ta biyo ƙyalle. Ɗanasabe ya yi ƙara. Ga shatin murfin dutsen guga kwance a tafinsa, har da ramukan iska.

"Shayin garinku da zane yake ƙuna? Gaya mini, a wane yare aro yake zama sayarwa?"

Ɗanasabe ya zube ƙasa.

"Malam Nura ne ya same ni, Yallaɓai. Ya ce don girmana ba zai tona ni ba, in je da ƙafata in gaya wa alƙali kafin Litinin. Na bari unguwa ta watse zuwa masallaci, na je roƙonsa. Ya ce ba zai ba ni kaset ba, ya juya ya ci gaba da gugarsa. Na fizge dutsen. Sau uku na buga. A na biyu yana kiran sunan Allah."

"Kofur, sa masa ankwa. A biya a ɗauko mai bulo."

Larai ta koma gonarta, ta shuka doya a wannan shekarar. Dauda ya ci shekara uku a gidan yari, bulonsa ya lalace a ruwan sama. Ɗanasabe, da ya sayar da bakinsa don kusurwar fili, aka yanke masa hukuncin rataya bai taɓa taka wurin ba. Hansai kuwa, wadda ba ta san gona ba, ba ta san kotu ba, ita aka bari da takaba da marayu uku.