Ajin da Marigayi ke Koyarwa

Ranar da Wasila ta kama aikin koyarwa a wata kwalejin kiwon lafiya da ke bayan garin Makarfi, ba ta tarar da kowa a ƙofar ajinta ba sai wani dogon saurayi riƙe da tarin makullai. Ya gaishe ta cikin ladabi, ya tambayi hanya da mutanen gida, sannan ya ce sunansa Uwaisu, shi ke kula da kayan koyarwa. Da suka haɗa ido sai ya rasa makullin da yake nema, ya gwada uku kafin ƙofar ta buɗe. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi.

Ajin tsohon gini ne a ƙarshen makarantar, babu komai a bayansa sai gonakin rake. Ko da tsakar rana cikinsa da sanyi da duhu-duhu. A kusurwa akwai kabad na gilashi, an lulluɓe wani abu mai tsayin mutum da farin ƙyalle. Uwaisu ya ce ƙwarangwal ne na koyon sassan jiki, kuma shekara biyu ke nan ba wanda ya taɓa shi, tun ranar da malamin ajin, Malam Irmiya, ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo yana tsakiyar bayani. Malamai uku aka turo bayan rasuwarsa, babu wanda ya cika wata biyu.

Ɗalibanta casa'in ne, kuma ba ta taɓa ganin aji mai shiru irin nasu ba. In ta yi tambaya sai su zuba mata ido kawai. Amma da zarar ta faro wata jimla daga darasin, sai su karɓe ta gaba ɗaya da murya guda, ƙasa-ƙasa, su tsaya a wuri ɗaya kamar mai jiran tari ya lafa, sannan su ci gaba.

Da ta yi musu gwaji, takardun casa'in ɗin suka zo iri ɗaya, kalma da kalma. A shafi na biyu kowa ya rubuta, "Jini yakan fito daga zuciya ya nufi huhu domin ya," sannan ya bar sauran layin fili. Ta kira wata ɗaliba mai suna Judith ta tambaye ta dalili. Yarinyar ta dubi kabad ɗin nan, ta rage murya ta ce a nan Malam ya tsaya, kuma an ce duk wanda ya ƙarasa masa maganar zai bi shi.

Wata Litinin bayan la'asar, makaranta ta watse, Wasila ta dawo ɗaukar jakarta. Ƙofar ajin a kulle take. Daga ciki ta ji muryar dattijo yana bayani a hankali, ya yi tari, ya ci gaba, ga ƙarar alli a jikin allo. Ba ta san yadda ta kai bakin titi ba.

Ba ta gaya wa kowa ba, amma Uwaisu ya lura ta daina zama ita kaɗai. Kullum in an tashi sai ya raka ta tasha, yana riƙe mata littattafai, yana ba ta labarin ƙauyensu a Kudan har sai ta yi dariya. Ita ta raɗa masa Mai Makulli, shi kuma Malamata. Wani yammaci tana cikin motar Ikara saƙonsa ya shigo:

"Malamata, na kulle ko'ina na ƙirga makullaina sun cika, amma ji nake kamar na manta wani abu a motarku. Ki sauka lafiya. In kin yarda, ina so in turo manyana garinku Furana."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa: "Mai Makulli, abin da ka manta yana hannun amana. Ka turo su."

Sai dai wani ya riga manyan nasa isa. Sani, dillalin mazarƙwaila daga Dandamisa, ya daɗe yana neman Wasila tana kaucewa. Shi ya je ya sami mahaifinta, Malam Ahmadu, a gona, ya shaida masa cewa yaron nan da ƙasusuwan matattu yake wuni, kuma duk Makarfi an san yana kiran muryar wani mamaci a aji. Malam Ahmadu bai ɗaga murya ba. Ya ce wa 'yarsa ya bar ta ta yi karatu har inda take so, amma ba zai miƙa ta gidan da ake hulɗa da abin ɓoye ba. Wasila ta rantse ƙazafi ne, ta koma aiki da kumburarrun idanu.

Ranar Alhamis ta sake jin muryar. Wannan karon ta yi addu'a ta tura ƙofar, sai ta buɗe. Ɗalibanta ne zaune cikin duhun, tagogi a rufe, leɓunansu na motsi. Gaban allo babu kowa, sai wata 'yar lasifika a kan teburin malami. Can baya kuma, jingine da bango, Uwaisu ne tsaye.

Ta dube shi ta ce, "Ashe kai ne. Kana kallo tsoro na cin raina, na kuma rantse wa Baba a kanka."

Ta juya ta fita. Kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba. A na biyar ya rubuto:

"Malamata, ni ɗalibin Malam Irmiya ne. Ni na naɗi darussansa na ƙarshe a waya, har da na ranar da ya faɗi. Da aka bar yaran nan babu malami sai na riƙa kunna musu Talata da Alhamis, don kada su zauna haka. Ban san za su haddace shi har da tarinsa ba. Na ɓoye miki ne don kada ki tafi kamar sauran. Na yi laifi, ki yafe mini."

Washegari ta same shi a ɗakin ajiyar kaya. Ta ce ta yafe, amma ita ranar Litinin ta fara jin muryar, ba Talata ba. Uwaisu ya lissafa kwanaki da yatsu, fuskarsa ta sauya. Ya ce wannan Litinin ɗin yana Kudan wurin suna, makullai da wayar duk suna aljihunsa. Suka dubi juna. Daga ƙarshe Wasila ta ce ko mene ne, ba za ta bar yara casa'in su fita duba marasa lafiya da rabin jimla a kansu ba.

Da safe su biyu suka buɗe kabad ɗin. Ta yaye ƙyallen, suka ɗauko ƙwarangwal ɗin suka kafa shi a ƙarƙashin mangwaro. Ɗalibai suka ja da baya. Ta kasa su shida-shida, ta hana buɗe littafi. Ta sa kowa ya laluba haƙarƙarinsa ya ƙirga, sannan ya zo ya nuna su a jikin ƙwarangwal ɗin. Ta ce a fara bayani da Hausa ko da yaren gida, in an gane sai a mayar Turanci. Wanda ya yi kuskure ba ta gyara masa nan take, sai ta tambayi na kusa da shi me ya gani. Makon farko da ƙyar ake samun mai magana. A na uku sai da ta riƙa tsawatar da gardama.

Ranar da suka zo darasin zuciya, ta sa suka zagaya fili da gudu, kowa ya dafa wuyansa ya ji bugun jini. Sannan ta tambaya me jini ke zuwa yi a huhu. Wuri ya yi tsit, har ana jin ganyen rake na kaɗawa. Judith ta miƙe, gumi na zubo mata.

"Yana zuwa ne ya sauke iskar da jiki ya gama da ita, ya ɗauko sabuwa," in ji ta. "Shi ya sa nake haki yanzu, Malama."

Ta tsaya tana jiran abin da zai same ta. Babu abin da ya faru. Wata ta fashe da kuka, wasu suka yi dariya, Uwaisu ya juya baya yana goge ido. A ranar ya goge muryar daga wayarsa, bayan ya aika wa iyalan marigayin kwafi ɗaya.

Sauran aiki na Furana ne. Wasila ta roƙi mahaifiyarta, Inna Kulu, ta shawo kan Baba ya zo ya gani da idonsa ko sau ɗaya. Ranar kasuwar Makarfi ya biyo, ya zauna a kan benci nesa da mangwaron. Uwaisu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya kawo masa hannun ƙwarangwal ɗin. Tsohon ya yi bismilla ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya juya shi, ya ga tambarin kamfani. Roba ce. Uwaisu bai ɓoye masa komai ba game da muryar, har da abin da ya kasa bayyanawa. Kafin tsohon ya tashi, Judith ta auna masa jini, ta gaya masa ya hau, ta yi masa bayani dalla-dalla da Hausa kan ciwon kan da ke damunsa da gishirin da zai rage a miya, ta ce lallai ya je asibiti.

Malam Ahmadu ya daɗe yana kallon 'yarsa tana zagaya ɗalibai. Ya kira Uwaisu ya ce, "Wanda ya faɗa mini abin da zai iya ɓoyewa, zan iya ba shi amana. Ka ce wa manyanka ina gida ranar Juma'a."

Bayan an kammala jarrabawa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ahmadu. Sani bai zo ba. Ɗaliban kuwa suka cika mota biyu, Musulmi da Kirista, suka yi ta hidima har aka rasa abin sa su. Da za a tafi da amarya, saƙo ya shigo wayarta a ƙarƙashin mayafi: "Matata, na share gida, na buɗe tagogi duka. Ki taho a hankali."

Inna Kulu ta kama hannunta ta kai ta gaban mahaifinta. Tsohon ya dafa kanta, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa abin da suke koya wa 'ya'yan mutane ya zama haske a gidansu. Jama'a suka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa, motar amarya ta kama hanyar Makarfi rana na shirin faɗuwa.