Lefen da Ruwa Ya Ci

Saudatu tana buɗe ƙofar sashen gidan benen da take haya a unguwar Small Heath, ta ji takalminta ya nutse cikin ruwa.

"Innalillahi..."

Silin ya rufto. Bututun banɗakin maƙwabtan sama ne ya fashe, ga akwatunan lefenta shida a buɗe tun jiya da dangi suka zo gani. Leshi, shadda, atamfofi, duk sun sha ruwan ƙazanta.

Saura wata ɗaya biki.

Nan take ta kira angonta Abdulsalam a unguwar Old Trafford, can Manchester.

"Yaya... lefen ya tafi! Mai gidan ya ce inshorarsa ta gini ce kawai, babu ruwansa da kayana!"

"Ke dai lafiyarki ƙalau?"

"Ƙalau, amma..."

"Inshorar kayan ɗakin da na matsa miki ki yi fa?"

"Tana nan. Da hukumar gari ta rage mana awannin aiki na so in soke, ka hana."

"To share hawayenki, Saudata."

Washegari kamfanin inshora ya ce a kawo rasit, ko hoton kayan.



Hajiya, mahaifiyar Abdulsalam, ita ta haɗo lefen daga Kantin Kwari, babu takarda ko ɗaya. Hoto kuwa, ita ta hana kowa ɗauka, wai saboda bakin mutane.

Da Saudatu ta kira don ta ba da haƙuri, ko gaisuwar Hajiya ba ta amsa ba.

"Yarinyar da ta kasa riƙe akwati ce za ta riƙe min ɗa? Babu lefe, babu biki! Ga Zinatu 'yar ƙanwata nan, mai natsuwa."

Kwana uku Saudatu ba ta iya haɗiye abinci ba. Wayarta na motsi, sai ta yi wuf ta duba.

A rana ta huɗu Abdulsalam ya tare ta a bakin gidan kula da tsofaffi inda take aiki. Ya miƙa mata wayarsa.

"Kalli abin da ke yawo tsakanin matan danginmu."

Bidiyon lefenta ne. Ashe ranar gani, Zinatu ta faki ido ta ɗauka a ɓoye. Muryarta na tashi ƙasa-ƙasa:

"Ku duba don Allah! Leshin Swiss, wai na mai yi wa tsofaffi wanka! Wannan shaddar ma asara..."

Saudatu ta kawar da kai, idonta ya cika.

"Yaya, don ka ƙara min ciwo ka taho tun daga Manchester?"

"Haba rabin raina, sake kallo. Wane turmi ne ba ta ɗaga ba? Har tambarin kowanne ta haska!"

Ta sake kallo.

A hankali ta dafe baki.

"Masu inshorar za su karɓa?"

"Mu gwada."

Mako biyu tana kwana da fargaba tana tashi da ita. Sannan wasiƙa ta iso: sun amince.

Hajiya kuwa, bidiyon ya kai gare ta, ta ji muryar 'yar ƙanwarta da kunnenta. Da kanta ta kira Saudatu.

"'Yata... wane launin leshi kike so a sako?"

Ranar biki, amarya ta ratsa mata har inda Zinatu ke zaune, ta ɗora mata sabuwar atamfa a cinya.

"Ta mece ce?" in ji Zinatu, fuska a murtuke.

Saudatu ta yi murmushi.

"Tukuicin mai ɗaukar hoto."