Furen Da Na Kai Gidan Su Saverio

"Ke! Ina za ki?"

Ƙafata ɗaya na kan matakalar doguwar hasumiyar nan ta tsakiyar Bologna, na ji an fizgo jakata ta baya. Saura ƙiris in zube.

Na juyo a fusace. Wani dogon saurayi ne, gashinsa a cukurkuɗe kamar bai taɓa haɗuwa da mataji ba.

"Sakar min jaka, bawan Allah! Ka san ni ne?"

"Ban san ki ba. Na dai ga katin jami'a a wuyanki. Kin gama karatun?"

"Ko wata ban yi da zuwa ba."

"To sauko, don girman Allah! Ɗalibin da ya hau wannan hasumiya kafin ya gama, shi da digiri har abada!"

Na tsaya jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Da gaskensa yake, har goshinsa ya tsatso da gumi.

"Me kake karantawa?"

"Injiniya."

"Injiniya guda, kuma yana tsoron matakala?"

"Yi dariyarki a ƙasa. Ke dai sauko..."

Na sauko. Ba don na yarda ba, idanunsa ne suka sauko da ni.

Sunansa Saverio, ɗan wani ƙauye ne can kudu, kusa da Lecce. Ni kuwa Sorina, daga Romania, tallafin karatu ya kawo ni koyon harhaɗa magunguna. Tallafin nan bai taka kara ya karya ba, amma ni na zo da dogon buri, so nake in ga kowane gari na ƙasar nan kafin in koma.

"Da wane aljihun?" in ji Saverio.

"Da wannan."

"To kin samu malami. Talaucina ya girmi naki."

Shi ya koya min yawo. Jirgin ƙasa mafi nawa muke shiga, mai tsayawa a kowace tasha kamar yana gaida dangi. Kofi a tsaye muke sha, don zama ma kuɗinsa daban. Ruwa daga famfon titi, kwana a ƙasan ɗakin abokan abokansa. Abinci kuwa, uwarsa ce ke ciyar da mu ba ta sani ba, don duk wata sai ta aiko masa da kwali cike da kwalaben miyar tumatir da man zaitun da cuku.

A Venezia muka zauna bakin ruwa muna dangwalar burodi a cikin mai, masu kuɗi suna wucewa a kwalekwale ana rera musu waƙa.

"Wata rana zan saka ki a wancan," ya ce.

"Ka fara saya min takalmi, wannan ya sha ruwa."

"Zuciyata, ke ba ki san soyayya ba."

"Na san sanyi dai."

A Napoli ya fara ce min yana sona, bakinsa cike da abinci, sai da na sa ya haɗiye ya maimaita.

Aibinsa ɗaya: camfi. Ba ya fara tafiya ranar Talata ko Juma'a, ko da tikitin ranar ya fi araha. In na ajiye hula a kan gado sai ya zabura kamar ya ga maciji. In mai ya zube, ranar ba walwala. Akwai wani ɗan jan ƙaho a aljihunsa, wai maganin kambun baka, da abu ya ba shi tsoro sai ka ga hannu ya shige can.

"Wa ya cika maka kai da wannan shirme?"

"Mamma."

"To Mamma ta iya aiki!"

Dariya nake yi. A lokacin ina ganin abin har wani kyau yake ƙara masa.

Da kaka ta zagayo, mahaifinsa Oronzo ya kwanta ciwon huhu. Saverio ya bar aji ya tafi gida. A waya ya gaya wa uwarsa labarina, kuma bai ɓoye min amsarta ba.

"Cewa ta yi... irin waɗanda ke zuwa jinyar tsofaffinmu?"

"Sai ka ce me?"

"Na ce irin wadda zan aura."

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Ki zo, rabin raina. Baba yana son ganinki. In Mamma ta gan ki ido da ido, magana ta ƙare."

Ƙarshen Oktoba na kama hanya, wuni guda cur ina sauya jirgi, na ƙarasa da bas. Saverio bai iya barin gefen mahaifinsa ba, sai aka turo Graziana ta tarye ni. 'Yar maƙwabtansu ce, a hannun Addolorata, uwar Saverio, aka yi mata baftisma, kuma duk ƙauyen sun daɗe da aura masa ita a baki. Wannan kuwa ban sani ba sai daga baya.

Ta rungume ni, ta sumbaci kumatuna biyu.

"Kai, ashe haka kike da kyau! Saverio bai faɗi rabi ba. Amma 'yar'uwa, haka za ki shiga hannu rabbana?"

"Na kawo alewa daga Bologna..."

"Alewa! Sinyora Addolorata fure take so. Zo mu je."

Ta ja ni wata rumfa a bayan gari. Ko'ina fure iri ɗaya ne, manya-manya, fari da rawaya, wanda suke kira krisantemi. Na san shi sarai. A garinmu shi muke kai wa malamanmu da kaka, shi mahaifiyata ke jerawa a taga.

Mai rumfar ta tambayi Graziana wani abu da harshen ƙauyensu, wanda ko kalma ɗaya ba na ji. Graziana ta amsa, matar ta dube ni da tausayi ta gyaɗa kai.

"Me ta ce?"

"Ta ce kin iya zaɓe."

Har wayo na yi. A wurinmu fure bibbiyu na mamaci ne, don haka na zare ɗaya don kada su zo daidai. Ina tafe ina jin daɗin kaina, wai ni mai tarbiyya.

A ƙofar gida Graziana ta ce ta manta tukunya a wuta, ta juya ta bar ni.

Saverio na can baya yana ɗebo itace. Wata gwaggonsa ta buɗe min, ta kalli hannuna, ta ja da baya. Na ɗauka baƙunta ce. Na bi hasken fitila har ɗakin da mara lafiya yake.

Tsohon na jingine da matasai, ya rame, amma da ya gan ni ya yi murmushi. Matarsa na zaune gefensa da kwanon romo.

"Barka da yamma, Sinyora. Ga wannan... na kawo wa Baba."

Na ɗora furen a kan bargonsa.

Kwanon ya suɓuce daga hannunta.

"Maryamu uwar Yesu!"

Ta wawuri furen ta yi jifa da shi, ta shiga yin alamar gicciye tana kururuwa.

"Da ransa! Da ransa kika kawo masa furen kabari! Me muka yi miki? Wa ya aiko ki?"

"Sinyora, ban..."

"Fita! Fitar min daga gida!"

Tsohon yana ɗaga hannu, yana son ya ce wani abu, tari ya sarƙe shi. Sai ga Saverio a bakin ƙofa. Ya kalli furen a warwatse a ƙasa, ya kalli mahaifinsa, ya kalle ni.

Hannunsa ya shige aljihu.

Duk ihun uwarsa bai yi min ciwon wannan ba.

Shi ya raka ni tasha. A hanya ya gaya min cewa a ƙasar nan wannan fure makabarta kawai ake kai shi, kuma jibi ne ranar ziyarar matattu, shi ya sa ya cika rumfa.

"Graziana ce ta kai ni, Saverio! Na rantse!"

"Na ji. Ki je tukuna, ƙura ta lafa."

Kafin mako ya zagayo Oronzo ya rasu.

Likita ya riga ya faɗa musu tun bazara cewa ba zai ga Kirsimeti ba. Kowa ya sani. Amma a ƙauyen nan daga mai burodi har mai kaɗa ƙararrawar coci, labari ɗaya ne: baƙuwa ta kawo mutuwa a hannunta.

Ban je jana'iza ba, wa zai bar ni? Na yi ta kiran Saverio. Wani lokaci ya ɗauka, muryarsa can ƙasa.

"Ya kike?"

"Lafiya. Kai fa?"

"Aiki ya yi yawa. Zan kira ki."

Na rame, na daina yawo. Ranar Asabar sai in zauna a ɗaki ina jin kukan jiragen da ke fita.

Cikin Disamba wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Addolorata ce."

Na miƙe tsaye kamar tana ganina.

"Na je sayen fure don kabarin mijina. Mai rumfa ta yi min ta'aziyya, ta ce yaya baƙuwar nan da Graziana ta ce za ta ziyarci kabarin kakarta..."

Muryarta ta karye.

"Yarinyar da na riƙe a hannuna gaban Allah! Na hana ta taka min gida. Na zalunce ki, 'yata. Ki zo."

Ban san sanda na haɗa kaya ba. A jirgi ina kuka ina dariya, har wata tsohuwa ta miƙo min lemo. Na ce shi ke nan, an gama. Uwa ta sauko, maƙiyiya ta kunyata, me ya rage?

Addolorata ta tarye ni cikin baƙaƙen kaya. Ta kama fuskata da hannu biyu.

"Dubi yadda kika koma! Ba sa ba ku abinci a arewa ne? Zauna ki ci."

"Ina Saverio, Sinyora?"

"Ce min Mamma."

"Ina yake, Mamma?"

Ta kau da kai.

"Yana gona."

Lokacin girbin zaitun ne, an shimfiɗa raga ƙarƙashin kowace bishiya. Na hango shi yana kaɗe reshe da doguwar sanda. Na ruga a guje.

"Saverio!"

Ya juyo. Ya yi baƙi, gemu ya fito masa. Na buɗe hannuwa, shi kuwa ya ja baya taku ɗaya. Ƙaramin taku ne, amma na gani.

"Mamma ta gaya maka komai, ko?"

"Ta gaya min."

"To?"

"Ba ki da laifi, Sorina. Ko da ba ta faɗa ba na sani. Na san ciwon Baba, ni na karɓo sakamakon asibiti da hannuna."

"To mene ne, masoyina? Dube ni mana!"

Ya ɗago. Idanun nan dai su ne, cike da ruwa.

"Kaina ya sani. Jikina ne ya ƙi. In na rufe ido na tuna ki, ba Venezia nake gani ba, ke nake gani tsaye a kan Baba da furen nan. In wayarki ta shigo sai gabana ya faɗi, in ce yau kuma wa?"

"Saverio... ni ce fa."

"Na je wurin fada a coci. Na yi addu'a, na zagi kaina. Jiya da Mamma ta ce kina tafe, kwana na yi ina leƙa ɗakinta ko tana numfashi."

"Za ka warke. Zan jira. Shekara nawa kake so?"

"In aure ki, ranar da ɗanmu ya yi zazzaɓi in kalle ki da wannan idon? Ina sonki fiye da haka."

"Ƙarya kake! Matsoraci! Injiniyan banza!"

Na dunƙule hannu ina dukan ƙirjinsa, ya tsaya bai kare ba. Da na gaji na kifa kaina a jikinsa. Ya bar ni na yi kukana, sai dai hannuwansa na nan a saki, bai rungume ni ba.

Na zauna a ƙasar nan tun daga lokacin, na yi aiki a garuruwa da yawa, na ji maganganu marasa daɗi iri-iri. Babu wadda ta kai wannan shirun na hannuwansa.

Addolorata ce ta raka ni tasha da rana tsaka, ta bi da ni ta tsakiyar dandali, hannunta cikin nawa, don duk mai ido ya gani. Ba ta tambaye ni yadda muka yi ba. Fuskata ta gaya mata.

Da bas ya tsaya ta ƙi sakina.

"Na roƙe shi, 'yata. Na yi masa faɗa, har gwiwa na sa a ƙasa."

"Na sani, Mamma."

"Ba ki sani ba. Ni na zuba masa tsoron nan tun yana kan cinyata, cokali-cokali, don ina son ya rayu. Yanzu na ce ya amayar, ya kasa..."

Direba ya danna ham.

Ta gyara min wuyan riga, ta share min hawaye da bakin mayafinta.

"Shiga, kar ki rasa jirgi. Kuma ki sami wanda uwarsa ba ta so shi irin nawa son ba."

Na shiga na zauna. Bas ya tashi, ya bi ta gefen gonarsu. Ina jin ƙarar sandarsa a kan reshe, ban leƙa ba.