Kwanon Ɗakin Amarya

Ranar da Garzali ya fara ganin Ikilima a kan tsani yake, baki cike da ƙusa, yana liƙe rufin Dandalin Gwadabe. Ita kuwa daga jami'a ta taho, ta raɓe a inuwar ginin tana jiran mota, sai tsatsa ta zubo mata a mayafi.

"Malam, gyara kake ko rusawa?"

Ya tofar da ƙusoshin a tafinsa. "Ranki ya daɗe, ni ma har yau ban gane ba."

Ta yi dariya, shi ke nan bawan Allah ya kamu.

Marigayi Gwadabe, mahaifin Garzali, shi ya gina dandalin da jar ƙasa, a nan mutanen Wudil suka sha kallon wasan kwaikwayo da majigi. A zamanin soja aka watse, jemagu suka gaje wurin. Da farar hula suka dawo, Garzali ya ɗauka kakarsa ta yanke saƙa. Ya yi ta sintiri a ofisoshi neman tallafi har takalminsa ya cinye, kullum a ce ya dawo gobe.

Alhaji Halliru, mahaifin Ikilima, dillalin shanu ne a kara, ba ya kwana-kwana. Da maganar aure ta je masa, sai ya ce:

"Ɗan wasan kwaikwayo mai renon kango? To, ya rufa ɗakin da zai ajiye min 'ya kafin ruwa ya sauka. In ya kasa, ga Kansila Ɗantani nan yana jira."

Garzali ya tattara ɗan abin da ya samu a aikin kafinta, ya sayi sabon kwano ya jingine a soro.

Ana haka 'yan ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo suka shirya ajo don tara kuɗin gyaran dandali. Kansila ya hango Ikilima a cikin mata, ya karɓi lasifika ya ce rufin gaba ɗaya a wuyansa, kwano zai iso ranar Juma'a. Maroƙi ya wasa shi har muryarsa ta dashe. Garzali kuwa bai san alkawarin bakin lasifika a nan yake ƙarewa ba. Washegari ya kira gayya aka ɗaye tsohon rufin kakaf.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Kansila ya daina ɗaga waya, hadari ya fara haɗowa daga gabas, katangar ƙasa kuma ba ta jure ruwa ba rufi. Garzali ya ɗora kwanonsa a amalanke, sannan ya tura mata saƙo:

"Hasken idona, na kai kwanon ɗakinmu dandali. Da hannuna na buɗe shi, ba zan bari ya rushe ba. Na gaji, Ikilima. In Baba ya ce in haƙura ba zan ga laifinsa ba."

Amsar ta zo: "Ashe kango ya fi ni. Allah ya ba da sa'a."

 Sai da ta gama fushinta ta sake turowa:

"Nawan, na yi kuka na more. Tsohon kwanon da kuka cire yana ina? Baba cewa ya yi a rufa, bai faɗi iri ba."

Da shi ya rufa ɗakin, ya bi hudojin da kwalta.

Alhaji Halliru ya zo da kansa, ya daɗe yana kallon jan rufin.

"Baba, iyakar ƙarfina ke nan," in ji Garzali, yana durƙushe.

"Na gani, muni kam akwai shi. Amma mu a kara, wanda ya ce ya saya a gaban jama'a ya zame irin na Kansila, ko akuya ba a ƙara sallama masa. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure cikin damina. Ranar buɗar kai da la'asar ruwa ya kece, rufin ya fara ɗiga daidai ƙofa. Gwaggonsa Yelwa ta tura baho wurin tana cewa, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Garzali ya yunƙura zai ɗauko kwalta, Ikilima ta riƙo hannun rigarsa.

"Bar shi ya zuba, angona. Zauna ka huta."