Fulogi a Ganyen Goro

A unguwar Sabo ta Ibadan akwai wata yarinya mai kwaikwayon tsiya. Ta iya tarin liman, ta iya kukan akuyar maƙwabta. Amma wanda ta fi iyawa shi ne injin kwale-kwalen babanta.

Baban, Malam Isiyaku, yana ɗauko wa Alhaji Mijinyawa huhunan goro daga ƙetaren ruwan Eleyele. Kullum in ya tashi aiki sai ya kwance fulogi, ɗan ƙarfen da ke ba inji wuta, ya zo da shi gida a aljihu.

Wata ranar Juma'a da yamma ta zaro fulogin daga rigarsa. Ta hau turmi, ta kumbura kumatu.

"Turrr! Tu-tu-tu! A kauce, ga Malam Isiyaku!"

Sai fulogi ya faɗa cikin toka. Ta wanke shi tas da ruwa. Ta tuna yadda Inna ke adana goro, sai ta naɗe shi a jiƙaƙƙen ganye ya kwana. Da safe ta warware, ta mayar aljihu.

Ranar babu makaranta, ta bi Baba bakin ruwa. Ya ɗaura fulogi, ya ja igiya.

"Kuf!" in ji inji. Ya yi shiru.

Ya sake ja. "Kuf... kuf." Shiru.

Baba ya leƙa tanki, fetur cike. Ya busa bututun mai. Ya bi waya da yatsa, ba ta tsinke ba. Ya ja igiya har tafin hannunsa ya saluɓe.

Can ƙetare, ga huhunan goro jibge a rana. Alhaji Mijinyawa ya iso yana fifita da hula.

"Isiyaku, goro fa ba ya son rana! Motar Arewa da la'asar za ta tashi. Ka duba fulogi?"

"Alhaji, ba shi ba ne. Jiya da hannuna na goge shi, a aljihuna ya kwana."

Yarinya ta tuna da jiƙaƙƙen ganye. Amma ta ɓoye maganar.

Azahar ta yi. Baba ya kwance nan, ya ɗaure can. Inji ko tarin ma ya daina.

"To, shi ke nan," in ji Alhaji. "Goro ya bushe, mutuncina ya zube. Gobe zan nemi wani direba."

Baba ya saki igiya. Ya zauna a bakin kwale-kwale, ya zuba hannuwa tsakanin gwiwoyi. Jini na ɗiga daga tafinsa. Iya mai gasa masara ta yi masa sannu da Yarabanci, "Pele o, Malam." Ko kai bai ɗaga ba.

Yarinya ta matsa kusa. Ta gwada abin da ya saba ba shi dariya. "Tu-tu..." Sai hawaye.

"Baba, ni ce. Na yi wasa da fulogi, na wanke shi, na kwantar da shi a ganyen goro."

"Jiƙaƙƙe?"

"Kamar yadda Inna take yi. Don kada ya bushe."

Alhaji ya dafe kai. "Innalillahi! Ƙarfen ma sai da kuka mai da shi goro!"

Baba ya kwance fulogi, ya girgiza shi a tafin hannu. Ɗigon ruwa ya fito. Ya ɗora shi a gefen garwashin Iya har ya bushe. Ya maƙala masa waya, ya jingina shi a jikin inji.

"Zuba ido nan," ya ce, ya ja igiya.

"Baba, tartsatsi! Shuɗi!"

Ya mayar da shi, ya yi bismilla, ya ja.

"Turrrrr! Tu-tu-tu-tu!"

Wannan karon ba bakinta ba ne. Kafin la'asar goro ya hau mota, Alhaji ya janye maganarsa.

A hanyar gida ita ta ɗaure wa Baba hannu da ɗankwalinta.

"'Yata," ya ce, "goro ruwa yake so, fulogi wuta. Ba ki sani ba, shi ya sa ba a taɓa kayan aikin mutum sai an tambaye shi. Amma shirunki ya fi ruwan nan wahalar da ni. In kin yi kuskure, ki faɗa da wuri."

"Na ji, Baba."

Ya yi murmushi. "To, yi mini Alhaji."

Ta dafe kai. "Innalillahi! Ƙarfen ma goro!"

Baba ya yi ta dariya har suka iso Mokola, dab da unguwarsu.