Bindiga a Ƙarƙashin Harami

"Babbar nake so! Halas, magana ta ƙare!"

Abdulghaffar ne ya daki akwati. Su uku ne tsugune cikin wani sito a Khumra, bayan garin Jidda, rana tsaka, kwanon rufi yana ta tururi. Shi ne shugaba, haifaffen Jidda, ba ya sana'ar komai sai gyaran gashin baki. Sai Hamad direban tasi, Bahaushen Sudan. Sai Bawa, ɗan dako a kasuwar Bab Makka, ƙato da shi, hannu kamar faranti, amma da an daka masa tsawa sai ya bi.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya baje masu bindigogi a kan buhu.

"Don kare kai ne ko?" in ji shi.

"Kare kai mana," in ji Abdulghaffar. Ji fa! Su da mutane ya kamata su kare kansu daga gare su.

Mutumin ya nuna da yatsa. "Kowace da lambarta, gwargwadon kaurin harsashi. Wannan ashirin da biyar, tana shiga aljihu, sai dai ba ta da ƙarfi. Wannan talatin da takwas, ita masu hankali ke ɗauka. Wannan arba'in da biyar, tana kada bijimi, amma tana da nauyi, kuma in ta tashi tana harbin mai ita kamar jaki."

"Ni zan ɗauki ta masu hankali?" in ji Abdulghaffar. "Ba ni mai kada bijimin."

Bawa ya sosa ƙeya. "Mu'allim, a ina za ka sa ta? Ka ce harami za mu ɗaura. Harami ba shi da aljihu."

"Kai dai ɗauki 'yar tsanarka ka yi shiru."

Dabararsu ke nan, Allah Ya shirya. Lokacin aikin hajji ne, jirage na ta juye alhazai, gari fari fat da masu harami. Za su ɗaura su ma, su shiga shagon Abdulghani mai zinariya, su kwashe, su narke cikin bayin Allah. Kayan da mutum ke ɗaurawa ya je gaban Ubangijinsa!

Bawa ya ɗauki ƙaramar. Ya san hukuncin ƙasar. Wanda ya tare mutane da makami, hannun dama da ƙafar hagu ake yanke masa. Shi kuwa da su yake ci.

"Mu'allim, in aka kama mu fa?"

"Wa zai kama alhaji? Yalla!"

Washegari da hantsi Hamad ya sauke su a bakin kasuwa, ya ɗaura nasa haramin, ya biyo su da jaka. Abdulghaffar ya cusa bindigarsa cikin ɗamarar da alhazai ke riƙe zane da ita. Taku goma, ɗamara ta fara zamewa. Ya dafe ciki da hannu biyu, ya duƙa, yana tafe yana tattale ƙafa.

"Sannu Alhaji, ciki ne?" in ji wata mai gyaɗa.

"Allah Ya sawwaƙe, Alhaji, ka rage wake!" in ji wata.

Bawa na baya yana tafiyarsa sumul. Shi tun da asuba ya saka gajeren wandonsa a ƙarƙashin zanen, ya jefa ƙaramar a aljihu. Har yana jin daɗin wayonsa.

Abdulghani na zaune a shago, tsoho ne siriri, yana auna wa wata mata warwaro. Bai taɓa riƙe bindiga ba a rayuwarsa. Abin da ke gefensa butar shayi ce kan garwashi. Ya ga alhazai uku, ya washe baki.

"Ahalan, ya hujjaj! Bismillah, ku zauna."

"Kar ka motsa!" in ji Abdulghaffar.

Ya ja bindiga — ta ƙi fita! Ta maƙale a ɗamara. Ya sake ja. Shiru.

"Me Alhaji ke nema?" in ji tsoho. "In banɗaki ne, yana bayan masallaci."

Abdulghaffar ya fizga da ƙarfin tsiya — ɓas! Ɗamara ta tsinke. Bindiga ta fito, zane ya yi ƙasa!

Matar nan ta rufe ido ta kurma ihu. "A'uzu billahi!"

To ga bindigar da sai da hannu biyu, ga tsiraici na neman hannu ɗaya. Ya cafe zane da hagu, ya ɗaga ta da dama. Tsoho ya wawuri buta ya watsa masa shayi a ƙirji. Yatsa ya danna —

Daram!

Kasuwa ta ɗauka. Tattabaru suka tashi. Bindiga ta yi tsalle ta bar hannunsa, wuyan hannun ya goce. Harsashi ya bi ta ƙofa, ya fasa tulun mai sayar da wake a tsallaken hanya, ya shige cinyar wani mai ga-ruwa da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kunnuwa duk sun toshe. Hamad kaɗai ya yi aiki. Ya share tire biyu cikin jaka, ya fice.

"Hamad! Ya Hamad, jira!"

Ina! Kafin Bawa ya kai bakin titi tasi ta tashi, sai hayaƙi.

Askarawa biyu na shan shayi a gindin ƙofar kasuwa, ƙarar ta ishe su har can. Da 'yar ƙarama ce, da sun ɗauka taya ce ta fashe. Suka taho a guje, suna hura usur. Ba su sha wahala ba. Suka tarar da shugaban 'yan fashi a ƙasa, mahauta biyu sun zauna a kansa, yana roƙon a miƙo masa zane.

"Ku nawa ne?"

"Uku! Wallahi uku! Ɗaya ƙato ne, Bawa, shi ya kawo shawarar!"

Ko mari ba a kai ga yi masa ba.

Bawa kuwa ya faɗa cikin wani ayarin alhazai 'yan ƙasarmu da ke jiran motar Makka. Ya sunkuyar da kai, yana motsa baki. Askarawa suka wuce shi sau biyu. Fari cikin fari, wa za su kama? Motar ta iso. Ya ɗaga ƙafa zai hau. Saura taki ɗaya.

"Kai, ɗan nan! Tsaya!"

Wata tsohuwa ce, Hajiya Maimuna, ta riƙe masa gefen zane.

"Mene ne wannan nake gani? Wando?"

"Inna, don Allah..."

"Wando cikin harami! Ɗinki! Wane malami ya koya maka? Ka baro ƙasarku, ka keto teku, ka zo ka ɓata aikinka saboda wando?"

"Zan cire a mota, Inna. Yi shiru."

"In yi shiru in gan ka cikin asara? Ba uwa ba ce ni? Malam Abubakar! Zo ka ga wani yaro, yanka ya hau kansa bai sani ba!"

Malamin ayari ya matso. Mutane suka zagaye. Kowa na ba da fatawa. Wannan ya ce rago, wannan ya ce azumi uku. Hannun Bawa na kan aljihu. Yana jin ƙarfen. Zai iya cirowa. Ya dubi tsohuwar nan, baki ba haƙori, tana ta faɗa don kar hajjinsa ya lalace. Ya sauke hannu.

"Cire yanzu, mu kare ka da mayafi," in ji ta, ta kama bakin wandon ta girgiza.

Ƙwal! 'Yar ƙaramar ta faɗo kan dutse, a gaban takalmin wani askari da hayaniyar ta jawo.

Tsohuwa ta dube ta, ta dube shi. "Wayyo ɗan nan. Ashe naka ya fi ƙarfin rago."

Hamad bai yi nisa ba. Ya bi hanyar Madina da gudun hauka, ya haɗu da babbar mota a kwana. Aka tsince zinariya cikin yashi, aka mayar wa tsoho. Hamad kuwa aka binne shi da haramin da ya ɗaura don sata. Mai ga-ruwa ya rayu, amma bai ƙara ɗaukar garwa ba, ga 'ya'ya biyar.

Alƙali bai tambayi lambar kowace bindiga ba. Mai arba'in da biyar da mai ashirin da biyar, hukuncinsu ɗaya.

A kurkuku ma Abdulghaffar bai bar musu ba.

"Da talatin da takwas ɗin nan na ɗauka, da yanzu muna Bairut."



Ranar Juma'a aka zo fitar da su a zartar da hukunci. Askari ya buɗe ƙofa ya ce, "Yalla."

"Ya shekh, ka ba ni ruwa tukuna," in ji Bawa.

"Ƙishi?"

"Alwala."

Aka kawo buta. Ya tsuguna. Ya wanke hannun dama sau uku, a hankali, yana bin tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Askarin nan mai gaggawa ya juya baya, ya bar shi har ya kai ƙafar hagu.